Hanya Ƙafar Soja Ce, Waya Kuwa Kunnensa

Malamai da fatake na Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san gari ba ya ƙasaita sai da hanya. Sunan Mafara kansa shaida ne, gama kasuwar ranar Talata ce ta ba ta wannan laƙabi, kasuwa kuwa ba ta ci sai ƙafa ta iso ta. To, sojan da aka aiko don tsaron waɗannan garuruwa, bukatarsa ɗaya ce da ta falke, watau hanyar da zai bi, da labarin da zai ji tun da wuri.

Tun zamanin Turawa rabon wannan yanki wajen sufuri kaɗan ne. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta ƙare a Ƙauran Namoda cikin 1929, ba ta karkato yamma ba. Aka bar Mafara da hanyar mota guda, wadda ta haɗa Gusau da Sakkwato. Ko da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori cikin 1978, shinkafa da albasa da dankali suka yawaita a fadamun ƙasashen nan uku, duk ta wannan kwalta ɗaya suke fita. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyuka, da rani ƙura da yashi, da damina laka da rafi. Wayar hannu da ta shigo Nijeriya cikin 2001 ita ce ta rage wannan nisa, har falke ya ji farashin Kano yana zaune a rumfarsa, uba kuma ya ji lafiyar ɗansa da ke gabas wajen karatu.

Shekarar 2021 ta gwada wa kowa darajar abubuwan nan biyu. Ran 26 ga Fabrairu ɓarayin daji suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. Cikin Agusta suka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba suka ɗebe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Bayan kwana biyu hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka toshe waya a Jihar Zamfara duka, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka kuma hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka.

Hujjar hukuma ba ta banza ba ce. Ɓarawo da waya yake jin motsin soja daga bakin 'yan leƙen asirinsa, da ita kuma yake cinikin fansa. Amma wuƙar ta yanka ta baki biyu. Ƙauyen da aka kewaye da dare ya rasa abin da zai kira agaji da shi. Falke ya rasa hanyar aika kuɗi, sai ya koma ɗaukar su a aljihu, abin da ɗan fashi ke so ke nan. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa zuwa jihohin maƙwabta don magana ta minti biyu. Kafin shekarar ta ƙare aka maido da waya aka buɗe kasuwanni, fitina kuwa ba ta mutu ba.

Lalle soja sun ba da jininsu a wannan ƙasa, ba mai musun haka. An kafa Birged ta 1 a Gusau, Runduna ta 8 kuma a Sakkwato, Mafara tana tsakaninsu a kan babbar hanya. Sai dai ɓarawo a kan babur yake, ya fito daga daji irin na Sububu, ya bi turbar shanu, ya gama ɓarnarsa cikin sa'a guda. Motar soja mai nauyi in ta tarar da kwalbati a karye, dole ta tsaya. Bindigar da ta iso bayan an yi jana'iza ba ta amfani gari da kome ba.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan hukuma a fili yake. A gina hanyoyin da suka ratsa daga babbar kwalta zuwa ƙauyukan Maradun da Bakura, da gadoji masu jure ruwan Agusta, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A kafa turakun waya har bakin daji, a sa musu masu gadi, a ba kowane mai gari lambar da in ya kira za a amsa. Wanda aka kama yana kai wa ɓarayi labari a hukunta shi shi kaɗai, kada a sake toshe kunnen jiha guda saboda laifinsa.

Jama'a su ma suna da nasu kason. Malami ya gargaɗi masu sauraronsa a kan haɗarin tsegunta wa azzalumi asirin maƙwabci. Falke ya san wa yake sayar wa fetur da burodi buhu-buhu. In wakilai sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su mil nawa na hanya suka shimfiɗa, ƙauye nawa kuma waya ta kai.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai matafiya gidajensu, amin.