Muna Girbi a Gonar Amurka, Tamu Ta Zama Saura

A watan Agustan 2025, bayan 'yan matan D'Tigress sun doke Mali a Abidjan sun ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka karo na biyar a jere, aka karɓe su a fadar shugaban ƙasa, Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma ta ƙasa. Guminsu suka ci, Allah Ya sanya albarka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne masu manyan riguna da ke turereniyar ɗaukar hoto da kofi duk lokacin da aka yi nasara, alhali babu wanda zai iya nuna maka fili ɗaya da ya gina, ko yaro ɗaya da ya raina har ya kai wannan matsayi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin waɗanda ke ɗaga tutar Najeriya a wannan wasa jami'o'in Amurka ne suka horar da su. Amy Okonkwo, wadda ta zama gwarzuwar gasar, a can aka haife ta, a can ta yi karatu da wasa. Wadda ta horas da su a gasar, Rena Wakama, haifaffiyar Amurka ce. Haka abin yake a ɓangaren maza: daren da D'Tigers suka ba duniya mamaki a Las Vegas a Yulin 2021, suka doke Amurka da ci 90 da 87, Gabe Vincent, haifaffen Kalifoniya, shi ya fi kowa zura maki. Waɗannan 'ya'yanmu ne, kuma sun cancanci godiya da suka zaɓi ƙasar iyayensu. Amma ƙasar da kullum sai ta jira wasu sun yi shuka sun yi noma sannan ta zo da lauje, ba ta da bakin cika baki.

Mu 'yan Kano mu ya fi kamata abin ya dama, domin mun san yadda wasan yake lokacin da yake da rai. Tsakanin 2008 da 2017 Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin gasar ƙasa har sau bakwai. A 2016 ta je Alƙahira ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Duk wanda ya taɓa shiga rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a zamanin koci Sani Ahmed ya san abin da nake faɗa: zafi kamar me, ganga na tashi, ƙarar takalma a daɓe, yara sun maƙale a kan ƙarafa don su hango kwando. Daga nan Koki da ƙafa matasa suke tafiya. Yau ka tsayar da yaro a lungu ka ce ya kira maka sunan ɗan wasan Pillars guda ɗaya, sai ya zuba maka ido. Ka ce ya lissafa 'yan Lakers ko Golden State, sai ka ce masa ya isa haka.

Ba annoba ce ta faɗo daga sama ba, mutane ne suka jawo. A watan Yunin 2017 aka yi wa hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, zaɓe biyu: a nan Kano aka zaɓi Tijjani Umar, a Abuja aka zaɓi Musa Kida. Hukuma ɗaya, shugabanni biyu, sai kotu, sai wasiƙu zuwa hukumar duniya, FIBA. Gasar ƙasa da DStv ta ɗauki nauyinta shekaru, Kwese ta karɓa daga baya, ta shiga rububi, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Janairun 2022 aka sake zaɓe biyu, Kida a birnin Benin, Igoche Mark a Abuja. Gwamnatin Buhari kuma, maimakon ta ladabtar da masu rigimar kujera, sai ta sanar a watan Mayu cewa ta janye Najeriya daga duk wasannin duniya na shekara biyu. Kafin a janye wannan ɗanyen hukunci cikin 'yan makonni, ɓarna ta riga ta auku. 'Yan matan da suka samo gurbin gasar kofin duniya a Sidni da guminsu suka zauna a gida, aka miƙa gurbin ga Mali. Waye cikin manyan nan ya rasa kujerarsa ko alawus ɗinsa saboda wannan cin amana?

Ɗan wasa ba shi da shekarun jira. Matashin da yake ɗan ashirin da biyu a 2017, yana ganiyar ƙarfinsa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana atisaye safe da yamma don gasar da ba a san ranar farawarta ba. A daidai wannan lokaci NBA ta Amurka da FIBA suka kafa gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta je, har ta zo ta uku a 2024. Kwara Falcons ta je a 2023. Daga 2021 zuwa 2025 babu Pillars a ciki ko sau ɗaya. Ƙungiya mai kofi bakwai ta koma 'yar kallo, kuma ban ji an tada jijiyar wuya a kai ba kamar yadda ake yi idan Pillars ta ƙwallon ƙafa ta yi tuntuɓe.

Jami'o'inmu ma suna da nasu kason laifin. A Amurka wasan jami'a shi ne tsani: yaro ya samu gurbin karatu kyauta saboda iya wasansa, ƙungiyoyi 68 su kara a gasar watan Maris, ƙasa gaba ɗaya tana kallo, daga nan NBA ta zaɓa. Mu muna da gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966, amma sai a yi shekaru ba a ji ɗuriyarta ba, idan an yi kuma kwanaki kaɗan ne kowa ya watse. Kada wani ya ce mini abin ya fi ƙarfinmu. A Zariya, ƙarƙashin Oliver Johnson, Ba'amurken kocin Jami'ar Ahmadu Bello da ake kira OBJ, Masai Ujiri ya koyi wasan yana yaro, kuma shi ne ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Koci ɗaya mai kishi da fili ɗaya mai kyau suka yi wannan. Murjanatu Musa daga gasar cikin gida ta fito, ta je Turai, ta buga a gasar Olamfik ta Faris a 2024 inda D'Tigress suka kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Baiwar tana nan, riƙon sakainar kashi ake yi mata.

A lungunan Koki za ka ga yara sun ɗaure tsohon garen keke a jikin falwaya, suna jefa ƙwallon roba, suna ja da baya duk lokacin da ɗan acaɓa ko mai kura zai wuce. Cikinsu akwai dogaye masu zafin nama da a wata ƙasar da tuni an rubuta sunansu. A birni da ya cushe irin namu, wannan wasa shi ya fi dacewa, don filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kuma harabar kowace firamare za ta ɗauka. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba: tun 2017 FIBA ta amince a yi wasa da hijabi.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba, haƙƙin yaranmu ne. Gwamnatin Kano ta ware wa Pillars ta kwando kasafinta daban, ta bayyana wa jama'a nawa ne da inda ya tafi. Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar su shirya gasar da za a riƙa bugawa duk mako, tare da tallafin karatu ga waɗanda suka yi fice. Attajiran cikin birni, waɗanda Allah Ya hore wa, su dubi daɓen siminti da ƙarfe biyu a makarantar unguwarsu, kuɗinsa bai kai na walimar biki ɗaya ba. Su kuma shugabannin NBBF, duk wanda ba zai iya fitar da jadawalin gasa a farkon shekara ya kuma cika shi ba, ya sauka ya ba masu iyawa wuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma mun gaji da jira.