Daga Randa Zuwa Babban Banki: Darasin Dakta Mailafiya

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, wanda yake aika kuɗin makarantar yara gida, ya san yadda Naira take narkewa a hannu kamar gishiri cikin ruwa. Don haka ya kamata jama'a su waiwayi tarihin Dakta Obadiah Mailafiya, masanin tattalin arziki daga kudancin Jihar Kaduna, gama rayuwarsa ta haɗa abu biyun da ke damun talaka yau, watau kuɗi da ilmi.

An haife shi a Randa, cikin ƙasar Sanga, maƙwabciyar Jama'a da Kagoma, a shekarar 1956. Mahaifinsa mai wa'azin bishara ne, ba attajiri ba. Ya gama Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1978, ya ƙaro ilmi a Faransa, sa'an nan ya sami digirin dakta a Oxford ta Ingila. Ya yi aiki a Cibiyar Kuru kusa da Jos, da Bankin Raya Afirka, kuma daga 2005 zuwa 2007 ya zama Mataimakin Gwamnan Babban Bankin Nijeriya. A lokacin ne aka tilasta wa bankuna tara jarin Naira biliyan 25, har suka ragu daga 89 zuwa 25. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar ADC a 2019, ya kuma yi ta rubutu a jaridu game da tattalin arziki da rashin tsaro, har jami'an tsaro suka kira shi tambaya a 2020. Ya rasu a Abuja ran 19 ga Satumba, 2021.

Littafinsa na 1997 ya yi nazari ne a kan hannun Turai cikin shirin tsuke bakin aljihu da aka ɗora wa ƙasashen Afirka. Nijeriya ta ɗanɗana irin wannan magani tun 1986, zamanin Janar Babangida, sa'ad da aka karya darajar Naira. To, ga shi tarihi ya sake juyowa. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Albashi mafi ƙanƙanta ya koma Naira 70,000, amma kuɗin mota da na abinci sun riga sun yi gaba.

Masu goyon bayan shirin suna da hujja: Naira mai araha takan ƙara wa mai sayar da kaya waje riba. Kudancin Kaduna kuwa shi ne gidan citta, wadda ake lodinta daga Kachiya da Kwoi da Kafanchan zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. Amma fa a daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta, ta ruɓar da ita tun a ƙasa. Farashi ya tashi, manomi kuwa ba shi da abin kaiwa kasuwa, iri ma ya gagara. Ashe karya Naira ba ya amfanar wanda rumbunsa ya ƙone.

A nan ne maganar ilmi ta shigo. Cutar shuka ba ta jin dokar Babban Banki; sai masu bincike da malaman gona. Jami'ar Jihar Kaduna tana da sashen aikin gona a Kafanchan, ga Kwalejin Horon Malamai a Gidan Waya, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Kachiya. Gini dai ya samu. Abin tambaya shi ne ko za a ba su kuɗin bincike, a kuma riƙa biyan malamai, don kada a maimaita yajin aikin wata takwas na 2022, wanda ya zaunar da ɗalibai a gida. Rancen ɗalibai da aka fara a 2024 taimako ne, amma bai kai ga yaron da ya kasa gama firamare ba.

Mailafiya ya hau tsanin da hukuma ta gina lokacin da karatu bai fi ƙarfin ɗan talaka ba. Idan aka bar matakalan ƙasa suka karye, ɗan manomin citta na Kagoma ba zai kai inda ya kai ba, komai hazaƙarsa. Saboda haka ƙungiyoyin 'yan gida da ke Kudu, in sun zauna taron wata, kada su tsaya ga gudummawar biki da jana'iza kaɗai. Su tambayi 'yan majalisarsu nawa aka ware wa makarantu da binciken gona, nawa kuma aka saki. Da ma Hausawa sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.