Shawarar Absalom a Cikin Majami'unmu

Dattawan Ikkilisiya nake nufi da wannan rubutu, amma kowa ya karanta, gama maganar ta shafi kowane gida.

A 'yan shekarun nan an yawaita shirya mana tarurrukan bita a kan raunin zuciya, lafiyar ƙwaƙwalwa da cin zarafin mata. A gayyato mai jawabi daga Jos ko Abuja, a kafa rumfa, a raba takardu, a ɗauki hoto, kowa ya karɓi kuɗin mota ya koma gida. Ban raina wannan ba, domin a dā ko sunan abin ba ma iya kira a majami'a. Amma ra'ayina shi ne, jawabin yini ɗaya ba ya warkar da kowa. Muddin dattawa da shugabannin Zumuntar Mata ba su sami koyarwa mai zurfi ba, taro zai watse, mu kuwa mu ci gaba da ba mutane irin shawarar da Absalom ya ba 'yar'uwarsa.

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 13. Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, ita kuwa 'yar ubansa ce. Ta yayyage rigarta, ta zuba toka a kai, ta fita tana kuka a fili. Absalom ya ce mata ta yi shiru, maganar cikin gida ce, kada ta sa abin a ranta. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta kowa ba. Tamar ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga nan kuma gidan Dawuda bai ƙara samun kwanciyar rai ba. Yaushe rabon da ku ji wa'azi daga wannan sura?

Na san dalilin da ya sa muke ba da irin wannan shawara. Mu 'yan tsiraru ne a garuruwa da yawa. Wata majami'ar ita kaɗai ce a gunduma guda, an sha wahala kafin a sami filinta, idon kowa kuma yana kanmu. Dattijo yakan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a rufe maganar kada na waje su yi mana dariya. Tsoron nan na gaske ne. Sai dai maƙwabta sun riga sun ji kukan matar da ake duka da dare, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Abin da ba su sani ba shi ne ko Ikkilisiya za ta tsaya mata. In suka ga mijin yana raba Jibin Ubangiji ranar Lahadi, sun sami amsa, shaidarmu kuma ta zube a wurin.

Mu tuna abin da jama'armu suka gani da idonsu. Kaduna a Fabrairun 2000. Jos a Satumban 2001. Yelwa a 2004, Dogo Nahawa a Maris na 2010, rikicin bayan zaɓe a Afrilun 2011. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun binne nasu a waɗannan shekaru. Yaron da yake da shekara 10 a 2001, wanda ya ga gawa a bakin titi, yau ya haura 30. Ya yi aure, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, wataƙila ma an zaɓe shi dattijo. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gani. Barci ba ya ɗaukarsa, ƙarar salansar babur tana firgita shi, ƙaramin abu ya hasala, wani lokaci ya nemi sauƙi a kwalba. Wannan ba hujja ba ce ta ɗaga wa mace hannu, mai duka shi ke da alhakin dukansa. Amma wanda ya raba maganar rikici da maganar zaman gida bai san garkensa ba.

Idan irin wannan mutum ya zo wurinmu, me muke ce masa? Ka ƙara addu'a, ka yi azumi, bangaskiyarka ce ta raunana. Wasu ma sai su ce aljani ne. Na gaskata da ikon addu'a, kuma ba zan daina ba. Amma ku dubi yadda Allah ya yi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Annabin da ya kira wuta daga sama ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Allah bai soma da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya tambaye shi damuwarsa, ya saurara. Abokan Ayuba kuwa, kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba, su ne mafi kyau a dukan ziyararsu. Da suka buɗe baki don su bayyana masa dalilin wahalarsa, nan suka ɓata aikin.

Akwai wata al'ada da nake roƙo mu sake dubawa, wato tsayar da wadda aka sako daga hannun 'yan bindiga a gaban taro ta ba da shaida, tun ƙafafunta ba su gama sacewa ba. A miƙa mata makirfo, jama'a su yi Halleluya, wasu su ɗauka a waya, a zuba baiko. Gobe a kasuwa ana nuna ta da baki, samari suna raɗa a kan abin da ya same ta a daji. Labarinta nata ne. Ita ce za ta zaɓi wanda za ta faɗa wa, da ranar da za ta faɗa. Haka kuma gafara. Umarnin Ubangiji ne, ba mai musu, amma ba a matsa wa mutum ya furta ta a gaban jama'a don mu ji daɗin rufe taro. Gafartawa kuma ba ta hana hukuma aikinta, Romawa 13 ta nuna mana wannan.

Kowa ya ji labarin Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja a Afrilun 2022. A Afrilun 2025 babbar kotu a Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Mace ce da dubban mutane suka san muryarta. To, ina ga matar manomi a ƙauyenmu, wadda in ta kawo ƙara sai a karanta mata rabin Afisawa 5, a bar rabin da ya umarci miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa dominta? Sau nawa muka sa yarinya a bencin horo saboda ciki, ba mu tambayi yadda aka yi ta same shi ba, wanda ya yi mata kuwa yana zaune a kujerar gaba? Haƙuri halin kirki ne. Amma in dattijo ya mayar da mace gidan da ake shaƙe mata wuya, ya ce ta yi haƙuri, to ya sani ran mutum ya sa a caca.

Akwai abubuwan da ya wajaba kowane dattijo da kowace shugabar mata su sani. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti nan da nan, kafin a zauna wani kwamiti, domin maganin rigakafin cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, kamar na Kakuri da Kafanchan, da aka kafa don wannan aiki. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta mai da dukan mata, korarsu daga gida da wulaƙanta matan da mazansu suka mutu laifi a gaban shari'a, jihohi da dama kuma, har da Kaduna da Bauchi, sun yi tasu. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina barci kwana da kwanaki, ko yake jin muryoyi, a yi masa addu'a a kuma kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, a Maiduguri da Kware. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ɗaure mai taɓin hankali da mari a gidan addu'a zalunci ne, kowane suna aka sa masa.

Koyarwar da nake nema ba sabuwa ba ce. Tun 2004 aka buga littafin Healing the Wounds of Trauma a Nairobi, wanda aka shirya tare da shugabannin Ikkilisiya daga ƙasashen Afirka da suka sha yaƙi. 'Yan'uwanmu na EYN kuma sun soma bita ga 'yan gudun hijira a 2015 da wani tsari da aka samo daga Ruwanda. Dukansu a ƙananan ƙungiyoyi ake yi, cikin kwanaki, kowa ya sami damar magana, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a ɗakin. Abu na farko da ake koya shi ne saurara, mu masu wa'azi kuwa a nan muka fi rauni, domin magana aka koya mana a makaranta.

Roƙona ga kowace majalisar dattawa shi ne, a kasafin kuɗin shekara mai zuwa a ware abin da zai tura mutum biyu, namiji ɗaya mace ɗaya, su sami wannan koyarwa har ƙarshe. A zaɓi masu riƙe asiri, ko da ba su iya Turanci ba. Idan sun dawo a sanar da sunayensu daga kan mumbari, a ba su ɗaki mai ƙofa, a kuma rubuta a littafin majalisa cewa ƙarar duka ko fyaɗe ba za a saurare ta ba sai da mace a zaune, ko da wanda ake ƙara fasto ne.