Wankin Ƙuna Ba Jarrabawar Jarumta Ba Ne

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san ranar da wuta ta ci mutum ba ita ce mafi wuya ba. Wuyar tana wajen wanki. A ɓanɓare bandejin da ya manne da nama, a kankare matacciyar fata, a sake naɗewa, jibi kuma a koma. Mu a ƙasar Kabi ba baƙin abin ba ne: ga kaskon jin ɗumi da hunturu, ga tukwanen turara shinkafa, ga masu bandar kifi a Argungu, ga fetur ɗin da ake ɓoyo a ɗaki cikin jarka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, galibinsu a ƙasashe irin namu. Waɗanda suka rayu kuwa, babu mai ƙirga ihunsu.

Hunturun bara ruwan turara shinkafa ya kwaɓe wa ɗiyar maƙwabcina a nan Gesse, 'yar shekara bakwai, daga cinya har bayan gwiwa. Na raka su wanki a wani ƙaramin asibiti. Manya uku muka danne ta, ma'aikaciyar tana cewa, "Haba 'yata, ke ba jaruma ba ce?" Ban ga laifinta ba, abin da ke hannunta bai wuce farasitamol ba. Ba a je ko'ina ba uwar ta ce wa mijinta, "Malam, wallahi ba ni iya sake kai ta." Aka koma gida ana liƙa gashin zomo. Ciwo ya warke, amma ƙafar ta ƙage, yau ba ta miƙewa sosai. Zafin wanki ne ya kore su daga asibiti.

Abin da ya sa ke nan nake ɗaukar aikin Hunter Hoffman da David Patterson da muhimmanci. Tun wajen 1996 waɗannan masana na Jami'ar Washington suka fara gwaji a sashen ƙuna na asibitin Harborview da ke Siyatil, Amurka. Ana ɗaura wa majinyaci wani tabarau mai rufe ido ruf, ya tsinci kansa cikin duniyar da kwamfuta ta ƙera. Tasu sunanta SnowWorld: kwazazzabon ƙanƙara, mutum na yawo a ciki yana jifar tsuntsaye da mutum-mutumi da curin ƙanƙara, ga kiɗa a kunne, alhali can waje ana wanke masa ciwo. Da gangan suka zaɓi sanyi, don ya zama kishiyar wutar da ke cikin ransa. Majinyata sun ce zafin ya ragu da kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, kuma hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a wani bincike na 2004 ya nuna sassan da ke karɓar zafi sun lafa. Daga baya aka yi wa sojojin Amurka da suka ƙone a Iraƙi da Afganistan amfani da shi.

Ba siddabaru ba ne. Zafi yana buƙatar hankalin mutum kafin ya kai maƙura, hankali kuwa ba ya rabuwa gida goma. Kakanninmu da ke yi wa yaro tatsuniya ana cire masa ƙaya sun san haka. Tabarau ɗin dai ya fi tatsuniya ƙarfin sace hankali, kuma yana hana mutum ganin ciwonsa.

Na san wani zai ce, asibitin da ke neman auduga ina shi ina wannan almubazzaranci? Ina jinsa. Hukumar masana ta mujallar Lancet ta nuna a 2017 cewa maganin zafi mai ƙarfi irin mofin da Najeriya ke samu bai kai kashi 1 cikin ɗari na buƙatarta ba. Wannan shi ne babban gyambon, kuma tabarau ba ya maye gurbin magani. Ko a Siyatil tare suke tafiya. Bai dace da wanda ya ƙone a fuska ba, wasu yana sa su jiri, kuma dole a tsabtace shi tsakanin majinyaci da majinyaci. Amma tsada ta daina zama hujja. An gwada mai araha a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu tun wajen 2010, yau kuma wayar hannu da ɗan akwatin da ake zura ta sun isa a fara.

Abin da nake tsoro shi ne a mayar da shi kwangila: a yiwo odar kwali-kwali, a yanka ƙyalle, su ruɓe a sito. Ina son a fara ƙanana. Yaron Kabi bai san ƙanƙara ba, amma ya san kogin Matan Fada na Argungu. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi za su iya gina masa kogin, da gora da homa, ya yi ta farautar giwan ruwa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi su gwada, su auna zafin da tabarau da kuma babu shi, su faɗa mana gaskiyar abin da suka gani.

Kafin nan, mai jinya, kana da haƙƙi biyu a hannunka. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba. In an zo wanki kuma, ka nemi a ba majinyacinka maganin zafi tun kafin a taɓa bandejin, a jira ya kama jiki. Tambayar nan ba rashin kunya ba ce.