Gurbin Da Aka Bari Fanko Ba Sifili Ba Ne

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, da mazauninta na farko a Kalgo, ɗaliban sakandare na Kalgo da Gwandu suka sami jami'a a ƙofar gida. Masu sha'awar kimiyya daga cikinsu za su gamu da manhajojin lissafi irin su MATLAB da Octave. Sai dai akwai darasin da ya kamata su taho da shi tun daga sakandare, wato yadda ake shigar da alƙaluma cikin manhaja kafin a fara lissafi.

Alƙaluma kan zo ne cikin fayil da ake kira CSV. Rubutu ne zalla: kowane layi bayani guda, waƙafi kuma shi ne shingen da ke raba adadi da adadi. Sauƙin nan nasa shi ke yaudarar mutane.

A ɗauka wata makaranta a Gwandu tana auna ruwan sama a watan Agusta. Wata rana mai awon bai zo ba, aka bar gurbin fanko, waƙafi biyu a jere. Umarnin csvread na Octave, in ba a gargaɗe shi ba, sifili yake zubawa a wurin. Ranar da ba a yi awo ba ta koma ranar da ba a yi ruwa ba, matsakaicin watan ya ragu, kwamfuta kuwa ba za ta ce uffan ba. Haka nan in an rubuta kuɗin buhun shinkafa 25,000, manhaja na iya tsaga shi gida biyu, 25 da 000. A maƙwabciyarmu Nijar, inda ake bin tsarin Faransanci, sha biyu da rabi 12,5 ake rubuta shi, don haka waƙafi mai ruwa ke raba gurabe.

Kada a ɗauka kuskuren yara ne. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin mutum 15,841 masu cutar korona ya zube daga lissafinta, domin an juye fayilolin CSV cikin tsohon tsarin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Aka makara wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

Wani malami zai ce makarantarsa ba kwamfuta, in akwai ma ba wuta. Hujja ce, amma ba ta isa ba, don alli da allo sun wadatar. Malam ya rubuta layi biyar na alƙaluma, ya bar gurbi ɗaya fanko, ya cusa 25,000 a wani, sannan ya sa ɗalibai su rarraba su cikin jadawali kamar yadda na'ura za ta yi, ba tare da sun yi mata gyara ba. Ranar da aka sami kwamfuta kuwa, a fara buɗe fayil da Notepad a karanta shi da ido, a ƙirga layukansa, a kuma sake ƙirgawa bayan an shigar.