Bugun Agogo da Shaidar Faɗin Layi: Umarni Biyu da Ake Ruɗawa a Mashigar Siriyal

A darussan farko na koyon sarrafa rauta ƙirar Cisco, ɗalibi kan ci karo da umarni biyu da ake rubutawa a mashigar siriyal, wato clock rate da bandwidth. Da yake kowannensu lamba ce mai kama da ma'aunin gudu, sau da yawa akan ɗauka aikinsu ɗaya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na biyun, wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi, ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Umarnin farko shi ke tsayar da bugun agogon da ɓangarorin layi biyu ke bi wajen aika bayanai. Ɓangaren DCE ne ke bayar da bugun, na DTE kuwa karɓa kawai yake yi. Ana rubuta shi da adadin bit a daƙiƙa, don haka 64000 na nufin kilobit 64. A fagen aiki, na'urar kamfanin sadarwa ce ke samar da bugun. A ɗakin gwaji ne, inda ake haɗa rauta biyu kai tsaye, ɗaya ke ɗaukar wannan nauyi. Idan babu bugun, layi ba zai tashi ba, kuma kowa zai gani nan take.

Umarni na biyu bai ƙara wa layi gudu, bai kuma rage masa. Shaida ce kurum da ma'aikaci ke bai wa rauta game da faɗin layin, a ma'aunin kilobit, kuma rauta ba ta bincikar gaskiyarta. Idan ba a rubuta komai ba, sai ta ɗauki 1544, wato gudun layin T1 na Amurka, alhali a Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka layin E1 mai kilobit 2048 aka sani.

A nan gizo ke saƙar. Tsarin zaɓen hanya na OSPF kan raba 100000 da wannan lamba don fitar da tsadar hanya. A ɗauka ofishi yana da layi biyu zuwa hedikwata, ɗaya mai kilobit 64, ɗaya E1. Idan an ba da shaidar gaskiya, tsadar na farko 1562 ce, ta na biyu 48, don haka bayanai za su bi babban layin. Idan kuwa an bar su a kan 1544, kowanne tsadarsa 64, sai rauta ta ga sun yi daidai, ta raba musu kaya. Ƙaramin layi ya cushe, babba na da sarari, kuma babu wata fitilar gargaɗi da za ta kunnu. Tsarin EIGRP ma ya yarje wa kansa amfani da har rabin faɗin da aka shaida masa wajen aika saƙonninsa. Rabin 1544 shi ne 772, fiye da ninki goma sha biyu na abin da layi mai kilobit 64 zai iya ɗauka.

Wani zai ce zamanin siriyal ya wuce, tunda ko manhajar jarrabawar CCNA da aka sabunta a shekarar 2020 ta ture shi gefe. Haka ne, amma umarnin bandwidth bai tafi tare da shi ba. Yana nan a mashigar itanet da ramukan sadarwa na GRE, inda abin da aka saya daga kamfani kan gaza gudun mashigar nesa ba kusa ba.

Masu ƙirƙirar kalmomin fannu su ma abin ya shafe su. Fassara duka biyun da "gudu" ko "sauri" zai shigo da ruɗanin cikin Hausa. "Bugun agogo" ya dace da na farko. Na biyu kuwa, "shaidar faɗin layi" ta fi nuna cewa magana ce da mutum ya faɗa wa na'ura, wadda za ta iya zama gaskiya ko akasinta.