Mikoron mawaƙi: a nan ji ne ya kori gani

Masu iya magana na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. Babu inda zancen ya fi zama daram kamar wajen sayen mikoron da mawaƙi ke riƙewa a hannu bisa dandamali. Ɗan ƙarfe ne wanda bai kai rabin kilo ba, amma duk abin da maƙogwaro ya fitar, ta cikinsa zai bi kafin ya isa kunnen jama'a. Idan ya murɗe murya tun daga nan, babu lasifikar da za ta maido ta, komi tsadarta. Ga shi kuwa sau da yawa mutum biyu ne ke zaɓensa: ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kano, Kwatano ko Dubai, da ma'aikacin da ke sa hannu ga takardar sayen kayan gidan matasa ko na ma'aikatar magajin gari. Cikin su biyun babu mai waƙa, alhali kuɗin na jama'a ne, murya kuma ita ce jarin mawaƙi.

Mikoron hannu dangi biyu ne. Na farko shi ake kira dinamik. A cikinsa akwai ɗan tantani mai rawa idan murya ta buge shi, tamkar fatar kalangu, kuma an liƙa masa naɗin siririyar wayar tagulla da ke kai da kawo a cikin mayen ƙarfe. Wannan motsi shi ke haifar da ɗan kuran ɗin da ke ɗaukar murya, saboda haka mikoron ba ya bukatar a ciyar da shi da wata wuta. Na biyu shi ne kondansa, irin KMS 105 na kamfanin Neumann na Jamus. Tantaninsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, yana kama har hucin numfashi, amma sai tebirin haɗa sauti ya aiko masa da wuta, galibi bolt 48. Ƙura na manne ma tantaninsa, danshi na sa shi tsatsa da ƙara, kuma kaifin kunnensa na kwaso duk abin da ke gefe. A zaure mai rufi da masanin sauti, irin na Palais des Congrès na Yamai, yana da rana. A fili, cikin hunturu, kusa da ganguna da algaita, dinamik ne ɗan gida.

A cikin dangin dinamik, wanda ake auna saura da shi shi ne SM58 na kamfanin Shure na Amurka, wanda ya fito a 1966 kuma har yau ana ƙera shi. Nauyinsa giram 298 ne. Yana ɗaukar sauti daga kaɗawa 50 zuwa 15.000 a daƙiƙa, yana kuma ɗan ɗaga tsakiyar murya ta yadda kalmomi ke fitowa sarai a cikin kiɗa. An yi ragar kansa don ta loɓe idan ya faɗi, ta sha dukan a madadin kayan ciki. Ana warware ta, a wanke da ruwa da sabulu, a shanya ta bushe, a mayar. Idan ta lalace a sayi wata ita kaɗai. Aibinsa shi ne a wasu muryoyi masu kauri yakan yi kamar an rufa masa mayafi.

Wannan aibi ne masu bi masa suka nemi gyarawa. Shure da kansa ya fitar da Beta 58 a 1989, wanda Beta 58A ya gada, da mayen ƙarfe mafi ƙarfi da murya mafi haske. Kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da jerin evolution a 1998, kuma a cikinsa e835 ne ke gogayya da SM58: ya fi shi buɗe saman murya, abin da ke taimakon namiji mai babbar murya, amma zabiya mai siririyar murya na iya jin ya ƙara mata kaifi har ya soki kunne. Saboda haka babu wanda ya fi wani a kowane baki. Kowace murya da nata.

Bambancin da ya fi shafar dandamali shi ne ta ina mikoro ke ji. SM58 da e835 suna ji ta gaba da ɗan gefe, sun kurumce ta baya sak. Beta 58A da e945 na Sennheiser jinsu ya fi matsewa ta gaba, amma suna ɗan ji ta baya. Kurumtarsu na can gefen baya, wajen digiri 125 daga bakin mawaƙi. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne wurin ajiye lasifikar ƙasa wadda mawaƙi ke jin kansa da ita. Ga na farko, a sa ta gabansa daidai, inda gindin mikoro ke nunawa. Ga na biyu, a karkatar da ita gefe. Idan aka sauya, sautin lasifika zai koma cikin mikoro ya sake fitowa, har ya zama wannan shewa mai tsinka kunne da ke watsa taro. Da yawa an zargi kaya masu kyau da laifin da na mai jera su ne.

Halin mawaƙi ma abin dubawa ne. Wanda ke tsaye wuri ɗaya, bakinsa daf da raga, mai matsattsen ji zai raba muryarsa da kalangun da ke kusa. Wanda ke juyi, yana waiwayen ƴan amshi, yana nuna wanda yake yabo, muryarsa za ta riƙa ɓacewa a irin wannan. SM58 ya fi yi masa afuwa. Akwai kuma ɗabi'ar samari ta dunƙule kan mikoro cikin tafin hannu. Yin haka na toshe ƙofofin bayan tantani, waɗanda su ne ke kurumtar da mikoro ta baya, sai ya koma ji ta ko'ina, shewa ta tashi. Na babu waya kuwa, ya ba mawaƙi ƴancin yawo, amma ya ɗora masa kuɗin pil da fargabar yankewa. Inda babu mai kula da shi, igiya mai baki uku ta fi amana.

Saura babbar asara, wato jabu. SM58 na cikin kayan sautin da aka fi kwaikwaya a duniya, har kwali da tambari. Na gaske ya daɗe yana wajen dalar Amurka 100 a can, kusan jikka 60 na sefa ke nan, kafin sufuri da duwan. Wanda aka tallata a jikka 10 ya riga ya faɗi sunansa. Idan aljihu bai kai ba, gara mai araha da ya zo da sunansa na gaskiya, kamar XM8500 na Behringer, da wanda ya ari rigar wani. Ɗan kasuwar da ya bambanta ma mai saye su biyun ya sayi amana. Ma'aikacin da ya rubuta na gaske a takarda ya karɓi jabu, ya ci haƙƙin talakawa.

Hanyar zaɓe ba ta da wuya. A kira mawaƙin da zai yi aiki da shi, a kira makaɗansa, a jona mikoro biyu ko uku a tebir ɗaya, a daidaita ƙarfinsu, domin kunne kan ɗauki mafi ƙara a matsayin mafi kyau. A saurara daga inda jama'a za su zauna. A shafa jikinsa a ji ko ƙarar hannu na shiga, a juya shi a yi magana ta bayansa a ji ko ya kurumce. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki kwali ba shaida ba ne, sai abin da kunne ya tabbatar. Allah ya ba mai saye da mai sayarwa ikon riƙon gaskiya.